Murfin Alƙalamin Malam Sa'idu

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori, duk wanda alƙalaminsa ya lalace a Talata Mafara wurin Ɗantala yake kai shi. Asalin sana'arsa gyaran agogo ne. Amma da aikin ya kawo akawuna da masu awon gona da malaman asibiti, kowa da alƙalami mai shan tawada a aljihun gaba, sai gyaran alƙalami ya rinjayi na agogo. Teburinsa na gindin wani dogon yaro a bakin kasuwa. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, marar yawan magana, matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce ba su sami haihuwa ba.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne yadda mutane ke yi wa murfin alƙalami. Tawada ta bushe a ciki, murfi ya ƙi buɗuwa, sai mutum ya tsoma shi a tafasasshen ruwa, ko ya ɗura masa kananzir, ko ya sa ƙusa ya yi ta ƙwaƙula. Ruwan zafi ya lanƙwasa murfin, kananzir ya cinye ƙyallinsa, ƙusa ta tsaga shi, sannan a kawo wa Ɗantala a ce ya yi dabara. Shi kuwa ruwan randa kawai yake sawa. Ba ya ma jiƙa murfin gaba ɗaya, don tsoffin baƙaƙen murafan nan in bayansu ya daɗe a ruwa koɗewa suke yi, ƙarfen da ake maƙalawa a aljihu kuma ya yi tsatsa. Sai ya kafa murfin a kaskon rairayi baki sama, ya cika cikinsa da ruwa, ya bar shi ya jiƙa, ya zubar, ya sake cikawa. In ruwan ya fara fitowa da haske, ya ɗauki gashin zabo ya dangwali ɗan sabulu ya bi lungunan, sannan ya kife shi a inuwa ya bushe. Mai gaggawa kuwa, Ɗantala kan nuna masa rumfar mai sayar da biro.

Kusa da teburin akwai benci, kuma shekara goma sha ɗaya duk ranar kasuwa mutum ɗaya ke zama a kai, wato Malam Sa'idu na Birnin Tudu, mai rubuta wa mutane wasiƙa. Siriri ne, mai wushirya, mai yawan dariya. Yana da wani tsohon baƙin alƙalami da ya gada wurin kawunsa, yana kuma da ɗabi'ar da kullum ke haɗa shi faɗa da Ɗantala. In yana laluben kalmar da zai rubuta, sai ya sa ƙarshen murfin a baki ya ciza. Wushiryarsa kan bar tabo biyu a jere da ɗan fili a tsakani.

Da manyan motoci suka shiga gonakin mutane ana baje su ana yanka hanyoyin ruwa, har wasu suka yi damina biyu ba su yi shuka ba, wasiƙun da ake kawo wa Sa'idu suka canza. Aka daina aika gaisuwa ga ɗan da ke Ikko, komai ya koma takardar koke. Manoma su zagaye bencin suna faɗa masa inda gonarsu take da abin da ta zama, shi kuma yana cizon murfi yana rubutawa.

A wata Talata cikin bazarar 1980, lokacin manoma sun tare hanyoyin shiga wurin aikin, Ɗantala ya karɓi alƙalamin ya wanke murfin tas. Ya ɗaure bakinsa da ya fara tsagewa da jan zare, ya goge tabon haƙoran da toka mai laushi da ɗigon man gyaɗa har wurin ya yi sumul.

"In ka sake cizonai, ka nemi wani mai gyara," in ji Ɗantala.

Sa'idu ya yi dariya ya maƙala shi a aljihu.

Kwana huɗu bayan nan aka turo masu bindigogi Birnin Tudu. Mutane da yawa suka mutu, gidaje suka ƙone, wasu aka kama su, wasu kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Bube, maƙwabcin Sa'idu, ya ce da idonsa ya ga Sa'idu ya faɗi a bakin hanyar ruwa jini ya rine masa riga, ya kira shi sau uku bai motsa ba. Da ya koma bayan kwana biyu an kwashe gawarwakin wurin. Ya faɗi haka gaban malamai, ya rantse. Aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matar Sa'idu, Sakinatu, ta koma gidan mahaifinta a Bakura da 'ya'yanta mata biyu, Taiba da Habiba, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma.

Mahaifin nata tsoho ne, gonarsa na cikin waɗanda aka baje. Ɗantala ke kai musu hatsi duk bayan sati biyu. Bayan Babbar Salla, Malam Abdulhamid, limamin unguwarsu a Mafara, ya kira shi ya ce masa wannan zirga-zirgar gara a mai da ita aure, marayu su tashi a hannun aminin ubansu. Aka tambayi Sakinatu ta ce ta yarda. Ta tare a Mafara. Gidan da ya yi shekara shida shiru ya cika da ƙarar turmi da gardamar yara, har 'yan kasuwa suka fara zolayar Ɗantala wai kumatunsa sun fito.

Auren na da wata uku, wata Talata da hantsi, wani dattijo mai fataucin hatsi ya tsaya gaban teburin.

"Salamu alaikum, mai gyara."

"Wa alaikumus salam. Maraba. An zo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya hanya? Ya anka baro mutanen gida?"

"Alhamdu lillahi, duk suna lahiya."

"Madalla."

Dattijon ya ce sunansa Jibrin, daga Dosara yake. Ya kwance wani tsumma ya fito da alƙalami. Abin ya yi ɓawon baƙi tun daga tsakiya har ƙarshen murfi, ƙura ta manne a kai, murfin kuma ya kafe. Ɗantala bai ga komai a jikinsa ba sai aiki, don baƙaƙen alƙalamai irin wannan sun sha bi ta hannunsa. Ya jiƙa ƙyalle ya naɗe mahaɗin, ya ce wa Jibrin ya je ya sayar da hatsinsa ya dawo. Jibrin ya ce abokin cinikinsa na kan buhunan, shi gara ya huta a bencin nan.

Bayan ɗan lokaci murfin ya juya. Ɗantala ya kafa shi a rairayi ya cika shi da ruwa. Da ya zubar da ruwan farko a farin kwano, sai ya fito baƙi ƙirin da tsakuwa-tsakuwa. Ya kai hanci.

"Wa yas sa tawadar allo cikin wanga? Ƙaro na fa da gawayi. Ita ad da liƙe alƙalami."

"Mai shi ba ya da ta kwalba," in ji Jibrin.

Ruwa na biyu baƙi, na uku baƙi. Na huɗu ya fito da shuɗi-shuɗi, alamar an taɓa tsohuwar tawadar kanti da ke can ƙasa. Ɗantala ya ɗauki auduga mai laima ya fara goge bakin murfin a hankali. Wani abu mai kaushi ya kama audugar. Ya ƙara gogawa, sai ga zare, kuma zaren ja ne. Zagaye bakwai, ƙullin a ɓoye ta ƙasa, yadda shi kaɗai ke ɗaurawa.

Abin da ya fara zo masa shi ne wani ya cire alƙalamin daga aljihun gawa. Ya ɗaga ido ya dubi Jibrin, dattijon na can yana ɓare goro hankalinsa kwance. Ɗantala ya juya murfin ya dubi ƙarshensa.

Wurin da ya goge ya yi sumul da hannunsa ya koma kamar ɓera ya kwana a kai. Tabo biyu a jere da fili a tsakani, a kan wasu biyu, a kan wasu biyu. Ya ce a ransa ai Sa'idu ya yi kwana huɗu da alƙalamin kafin ranar. Amma cizon kwana huɗu ba ya cin roba haka. Ya matso da gilashin duba agogo ya sa a ido. Wasu tabon sun ratsa ta cikin ɓawon tawadar allon, sun fasa shi. An yi su ne bayan tawadar ta zuba ta bushe.

"Malam Jibrin," ya ce, yana ajiye gilashin. "Malam Jibrin, alƙalamin wa na?"

"Wani gurgun malami na, can wata ruga bayan Dosara. Hilani sunka zo da shi da damina. Ba mu san sunanai ba, Malam Nagode muka ce mai, don komi kay yi mai ita ta maganatai."

"Shina da wushirya?"

Jibrin ya tsaya da taunar goro. "Ashe ka san shi. Ni ko abin ya ban mamaki. Na iske shi shina kokawa da murhin da haƙori, nac ce kawo in kai a gyara. Sau ukku shina ce min Gusau, kar in kawo Mafara. Ni kuwa mi za ya kai ni Gusau ga mai gyara nan kusa?"

Ɗantala ya miƙe tsaye ba tare da ya san ya miƙe ba. Gwiwarsa ta bugi teburin, kaskon rairayi ya kife, agoguna biyu suka faɗi ƙasa. Ya ga bakin Jibrin na motsi, ya ga masu rake da masu tabarmi sun juyo, amma ba ya jin komai. Sai salati yake yi, yana kaiwa ƙarshe yana sakewa. Mai shayin da ke kusa ya zo ya zaunar da shi ya ba shi ruwa, aka ce jiri ne ya ɗebe shi.

Da mutane suka watse ya tsinci murfin daga ƙasa. Bai san abin da zai yi ba, sai ya ci gaba da aikin. Ya mai da rairayi a kasko, ya cika ruwa ya zubar har ya fito fari, ya bi cikin da gashin zabo, ya kife a inuwa. Ya wanke bakin alƙalamin shi ma. Duk wannan lokacin wani tunani na zaune a ransa, kuma bai kore shi da wuri ba: ya miƙa wa Jibrin abinsa, ya ce a gai da malam, shi ke nan. Mutumin da kansa ya ce kar a kawo Mafara. Babu wanda ya sani, babu wanda zai sani.

Da azahar ya nufi gida. Daga zaure ya jiyo Sakinatu na daka, tana yi wa Habiba faɗa ta sauka daga kan rariya. Ƙamshin daddawa ya cika gidan. Ya ɗaga ƙafa zai shiga tsakar gida, ƙafar ta ƙi. Ya daɗe a nan tsaye yana kallon labulen asabari. Sannan ya juya ya koma kasuwa, ya sami Jibrin ya ce gobe tare za su tafi. A ranar a zaure ya shimfiɗa tabarma, ya aika cikin gida cewa zazzaɓi yake ji, kar a jira shi.

Da sassafe suka hau motar hatsi zuwa Maradun. Ta gefen hanya ana hango ruwan madatsar ya malale har iya ganin ido, kawunan itatuwan tsoffin gonaki na leƙowa daga ciki. Suka sauka a Dosara. Daga nan suka taka a ƙasa, tafiyar da ta kai su har rana ta take.

Rugar bukkoki biyar ce. A gindin wata tsamiya wani mutum na zaune a kan buzu, ƙafarsa ta hagu a miƙe ta ƙanƙance, sanda a gefensa. Gemunsa ya yi furfura. Ɗantala ya tsaya nesa yana fatan ba shi ba ne, yana kuma fatan shi ne. Mutumin ya ɗago. Allon da ke hannunsa ya suɓuce.

Ba su yi sallama ba, ba su gaisa ba. Jibrin ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ja jiki ya nufi wajen shanu.

"Sai da nac ce Gusau," in ji Sa'idu.

Ɗantala ya durƙusa ya kama hannunsa ya matsa, ya taɓa kafaɗarsa, ya taɓa fuskarsa. Sannan ya fashe da kuka irin na babban mutum, wanda ba ya da daɗin ji.

Da suka natsu Sa'idu ya ba shi labari. Harsashi ya shige shi a cinya, ya suma. Ya farfaɗo ya ja ciki ya shiga cikin ciyayi, can wasu makiyaya suka tsince shi washegari, suka ɗora shi a kan takarkari suka yi gaba da shi. Ya yi wata biyu bai san inda yake ba. Da ya dawo hayyacinsa sai tsoro ya kama shi, don duk takardar koken da aka kai da rubutun hannunsa ne, ya ɗauka nemansa ake yi. Ya ce bari ƙura ta lafa. Bayan Salla ya roƙi wani Bafillace da zai kai shanu kasuwar Bakura ya tambayo masa gidan surukinsa a asirce.

"Ya dawo yac ce an ɗaura auren ɗiyar gidan satin da yaw wuce. Nac ce da wa? Yac ce da mai gyaran agogo na Mafara." Sa'idu ya yi ɗan murmushi, wushiryar ta fito. "Nac ce to, Allah ya yi ma yara uba. Mi zan koma in yi? In kai musu gurguwar ƙahwa da abin kunya?"

Ɗantala ya ciro alƙalamin ya ajiye masa a kan buzu. Sa'idu ya jawo wasu takardu daga ƙarƙashin buzun ya nuna masa. Sunaye ne, na waɗanda ya ga sun faɗi a ranar, da inda kowa ya faɗi. Yana tunowa yana rubutawa, tawada ta ƙare masa, shi ne ya ɗura ta allo.

"Ka koma gida, Ɗantala. Ba ka gan ni ba. Jibrin zan roƙe shi ya yi shiru."

"Matarka na ɗakina wata ukku, Sa'idu."

"Na sani."

"Ka sani, ni ban sani ba, ita ba ta sani ba. Jiya ban iya shiga gidana ba. Kana so in koma in zauna hakanan har mutuwa?"

Sa'idu ya ɗauki alƙalamin ya buɗe. "To ba ni tawada in ka zo da ita. In rubuta mata saki yanzu, ka kai ma malamai su gyara muku aure. Ba sai ta gan ni ba."

Ɗantala ya girgiza kai. "An ce mata ka mutu ta yi takaba. An ce mata ta yi aure ta yi. Yanzu kuma a kai mata takarda daga wanda ta yi ma takaba? A'a. Ka tashi mu tahi, ta gan ka da idonta."

Sai da suka kai la'asar suna wannan ja-in-ja. Ɗantala ya gaya masa waɗanda aka kama ma an sako su, ba mai neman kowa. Daga ƙarshe ya ce in Sa'idu bai bi shi ba, shi zai je ya faɗa, gobe rugar ta cika da mutanen Birnin Tudu. Washegari Fulanin suka ba su aron jaki har Dosara.

Gidan Malam Abdulhamid suka sauka. Malam na alwala a ƙofar zaure, ya ga wanda ake saukowa da shi daga mota, butar ta faɗi daga hannunsa ruwan ya bi ƙasa. Shi ne ya yi addu'ar arba'in ɗin mutumin nan, shi ne kuma ya ɗaura auren. Ya zauna a dakali yana ta "Inna lillahi" kamar yanzu aka kawo masa labarin rasuwa.

Aka aika Bakura aka zo da mahaifin Sakinatu, aka zo da Bube. Bube na shiga zauren ya yi baya da gudu ya bugi ƙofa, sai da aka riƙe shi. Ya rarrafo ya kama ƙafar Sa'idu yana rantsuwa da Allah ya kira shi sau uku. Sa'idu ya ce ya yarda, shi ma da shi ne abin da zai faɗa ke nan.

Sannan aka kira Sakinatu. Ba wanda ya iya gaya mata dalili, an dai ce Malam na nemanta. Ta shigo da lulluɓi ta durƙusa ta gai da Malam, ta gai da mahaifinta tana mamakin ganinsa. Ta juya za ta gai da baƙon da ke jingine da bango.

Ba ta yi ihu ba, ba ta suma ba. Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ta zuba masa ido. Ta dubi Ɗantala, ta sake duban Sa'idu, sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

Malam ya yi gyaran murya ya faɗi hukunci. Ya ce matar da aka kawo wa labarin mutuwar mijinta ta yi aure, sannan ya bayyana da rai, auren farko na nan bai warware ba, na biyu kuwa ya tashi. Ba laifi a kan kowa, don ba wanda ya yi da gangan. Za ta koma gidan mahaifinta ta yi jini uku kafin komai.

Sa'idu ya ce, kansa a ƙasa, in ta fi son inda take shi zai sauwaƙe mata.

Daga cikin mayafin muryar Sakinatu ta fito.

"Malam, a tambaye shi. Yaushe yas san muna raye?"

Sa'idu ya ce bai taɓa zaton sun mutu ba.

"To mu mun zaci ya mutu. Wata huɗu da kwana goma ban sa lalle ba, ban taka ƙohwar gida ba. Ƙaramar ta yi wata biyu tana kwana da hulatai. Shi yana can ya warke, ya iya aiken mutum ya leƙo mu a ɓoye, bai iya aiko da kalma guda ba. Mai rubuta ma duniya wasiƙa." Ta ƙara jan mayafin. "Yanzu kuma har ya shirya sakina. Kowa ya shirya min abin da za a yi da ni. A kai ni gidanmu. Kar wanda ya aiko min da magana, shi ko shi, sai na neme shi."

A ranar ta bi mahaifinta Bakura da yaran. Ba ta koma gidan Ɗantala ko ɗaukar zane ba, sai wata maƙwabciya ce ta haɗa mata 'yan kayan sawa.

Labarin ya cika Mafara da Bakura har Maradun. Malam Abdulhamid ya ba Sa'idu wani sashe a tsohon gidan ƙaninsa, don nasa na Birnin Tudu ya ƙone. Kullum ƙofar a cike, wasu sun zo ganin wanda ya dawo, wasu kuma, galibi tsofaffi da mata, sun zo tambayar ko sunan nasu na cikin takardar. Wanda aka samu sunan ɗansa ya tafi yana kuka, wanda ba a samu ba ya tafi da wani irin fata da ba a san ko alheri ne ba. Ɗantala kuwa mutane sun rasa gaisuwar da za su yi masa. Wasu su ce barka da arziki, wasu su ce sannu da haƙuri, wasu su faɗi duka biyun a numfashi ɗaya. Ya rame. Yana zuwa teburinsa yana aiki, da yamma ya biya ya gai da Sa'idu, su zauna su yi maganar komai ban da abin da ke ransu.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki Sakinatu ta aiko mahaifinta wurin Malam. Ta ce za ta koma ɗakinta na fari. Ta kuma ce a gaya wa Ɗantala ba ta taɓa ganin wani abu a gidansa ba sai alheri, ya yafe mata. Malam da kansa ya kai masa saƙon. Ɗantala ya ce ba ta yi masa komai ba, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ci gaba da ɗaura fatar agogon da ke hannunsa. Sai da Malam ya tafi ya lura a juye ya ɗaura ta.

Kayan ɗakinta na nan gidan Ɗantala. Ranar da za ta tare, mata suka zo suka kwashe kwanoni da tabarmi da akwati. Ya rage gadon ƙarfe. Aka ce a nemo mai kurar ɗaukar kaya, Ɗantala ya ce a bari. Ya kwance gadon ya ɗaure ƙarafan da igiya, ya yi gammo da rawaninsa, ya ɗora a ka.

Tsakanin gidajen biyu akwai tafiya, kuma hanyar ta bakin kasuwa ta bi. Mahauta suka tsaya da sara, masu shayi suka miƙe, wata mai fura ta dafe ƙirji. Wani ya taso zai karɓe shi, ya kauce masa. Gumi na zuba ta gemunsa har ya isa.

Sa'idu na zaune a ƙofar zaure, ya yunƙura da sanda zai tashi.

"Zauna," in ji Ɗantala.

Ya sauke gadon ya jingine a bango. Taiba ta leƙo daga ciki ta gan shi, ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta dubi ubanta ta rasa da sunan da za ta kira. Ɗantala ya shafa kanta ya ce ta gai da innarta. Ya ce wa Sa'idu ƙafar gadon guda na girgiɗi, a sa mata ɗan dutse. Sannan ya warware gammon ya kaɗe shi, ya bi ta bayan gari ya koma, don kar ya sake ratsa kasuwa.